Tsikar Jikin Léandre

Daga Allah muka fito, kuma wurinsa kowa zai koma. Ranar Talata, 11 ga watan Maris na 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Dakta Solange Courtemanche a gidanta da ke Montreal, tana da shekara saba'in da takwas. Mijinta Léandre ne ya buga mini waya. Ya ce, "Madam Huguette, tsohuwar ta tafi." Na ce masa to. Na ajiye wayar na ƙarasa wanke kofin da ke hannuna, sannan na zauna a ƙasan kicin.

Solange, ɗalibanki sun rubuta nasu, kuma sun kyauta. Sun faɗi shekara arba'in da kika yi kina binciken yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam take karɓar kiɗa, da abin da kiɗa yake yi mata. Ni ba ɗalibarki ba ce. Ni ce sakatariyar da ta lalata miki aikin wata uku a shekarar da kika ɗauke ta. Ni ce kuma wadda ta taya ki ɓoye wa mijinki wata magana har tsawon wata goma sha uku, abin yana cin raina kullum. Saboda wannan maganar na zauna rubutun nan, kuma shi da kansa ya yarje mini in faɗe ta.

A kakar 1984 na zo ɗakin bincikenki neman aikin buga takardu. Gwajin da kuke yi a lokacin mai sauƙin faɗa ne. Ku ɗauki gajeren kiɗa a kaset, ku sake ɗaukarsa a wani kaset ɗin, amma a na biyun ku kautar da sauti ɗaya tak daga mazauninsa. Sai a zaunar da mutum, a sa masa na'ura a kunne, a tambaye shi ko kiɗan daidai yake ko akwai inda ya kauce. Kaset ɗin da aka taɓa, ana liƙa masa ɗigon ja don mai gwaji ya san amsa. Wata rana kwalin sababbin kaset ya suɓuce mini a matattakala tun ba a liƙa musu komai ba, suka cakuɗe. Kina sauri za ki shiga aji, kika ce, "Ba komai, saurara ki ware su. Ko jariri zai ji bambancin."

Na saurara. Na sake saurara har kunnena ya yi zafi. Wallahi duk ɗaya na ji su, kamar yadda nake jin kowane kiɗa tun da aka haife ni: hayaniya, irin ta tukwane in ana jan su a ƙasa. Kunya ta hana ni faɗa, tsoron rasa aiki ya ƙara, sai na bi su ina liƙa ja yadda hannuna ya ga dama. Mutum arba'in da biyu aka gwada da kaset ɗin nan. Sakamakon ya fito ba kai ba gindi, har wani dattijo da ya shekara talatin yana kaɗa molon coci ya faɗi warwas. A nan kika gane akwai matsala, kika kira ni.

"Huguette, wa ya liƙa jan nan?"

"Ni ce, Dakta."

"Ido a rufe kika liƙa, ko fushi kike da ni?"

Na miƙe na ɗauki rigar sanyina. Kika ce, "Ina za ki? Zauna, ban gama faɗan ba." Amma ba ki ci gaba da faɗan ba. Kin daɗe kina kallona, sigari yana ci a hannunki, sannan kika ɗauko na'urar kika sa mini a kunne da kanki. Kiɗa ashirin kika sa mini, na dace da tara. Kika tambaye ni ko ina gane muryar mijina a waya, na ce ƙwarai. Ko ina gane tambaya daga magana, na ce e. Ko ina gane waƙar da ake yi wa mutum ranar haihuwarsa in an cire kalmomin, na ce a'a, sai in na ga an kunna kyandir. Kika jingina da kujera kika ce, "Kin lalata mini wata uku, kin ba ni aikin shekara talatin. Rataye rigar nan."

Ba ki san abin da kika cire mini a ranar ba. Ina shekara bakwai Sistar coci mai koya mana waƙa ta tsayar da aji ta ce, "Ke Huguette, ki riƙa motsa baki kawai." Na motsa baki har na girma. Na motsa shi a coci, na motsa shi ranar aurena. Na ɗauka wani abu ne ya mutu a zuciyata, tunda ina ganin mutane suna hawaye a kan abin da ni yake sa mini ciwon kai. Ke kika fara gaya mini cewa kunnena lafiya lau yake, zuciyata ma haka. Daga baya, da aka samu na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, kika nuna mini da yatsa: ga inda sauti yake sauka, ga inda ake sanin ma'anarsa a gaban kai, ga hanyar da ta haɗa su, tawa siririya ce. Kika ce a wasu lokutan ƙwaƙwalwata tana lura da sautin da ya kauce, saƙon ne ba ya isowa gare ni. Na ce ashe dai a cikin gidana ake gulmata. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki.

Ba zan mayar da ke waliyyiya ba, don ba za ki yafe mini ba. Kina da saurin fushi, tuƙinki abin tsoro ne, kuma kin taɓa gyara wa Fada, limamin coci, waƙa a tsakiyar addu'a, da ƙarfi, kowa yana ji. Amma ban taɓa jin kin kira wanda ya zo gwaji da lamba ba. Da muka sa sanarwa muna neman irina, suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, manya da furfurarsu, kowa da tabon da wani malami ko wata uwa ta bar masa. Sai kin dafa musu shayi kin ji labarinsu kafin ki taɓa na'ura. Wata Lahadi kuma kika tuƙo har gidanmu, ba wanda ya gayyace ki, kika zaunar da marigayi mijina Rosaire kika yi masa bayani da takarda da biro, cewa ƙin tashi rawa da nake yi ba raini ba ne. Shekara tara yana riƙe da wannan a ransa. Da kika tafi ya tashi ya kashe rediyon da yake kunnawa a kan abinci, bai ƙara kunna ta a lokacin cin abinci ba har ya rasu.

A shekarun baya na aikinmu kika koma binciken tashin tsikar jiki. Kika ce ƙwaƙwalwa ba zaman sauraro kawai take yi ba, hasashe take yi, tana riga kiɗan zuwa inda take zaton zai sauka. In mai kiɗa ya ja mata rai kaɗan sannan ya kai ta can, sai wuraren nan na ƙwaƙwalwa da ke farkawa in mayunwaci ya ga abinci su farka, gashin jiki ya miƙe. Ni ke liƙa wa mutane wayoyi a yatsa, in zauna a gefe. Tunda ba abin da nake ji, sai na riƙa kallo. Na lura numfashi yana tsayawa kafin wurin, maƙogwaro ya motsa, sannan fatar hannu ta yi ƙuraje-ƙuraje. Har ta kai ina riga na'ura sanin lokacin. Da haka na fara zuwa wuraren kiɗa da son raina, in zauna inda zan ga hannuwan mutane. A can nake samun rabona.

Shi kuwa Léandre kafinta ne, goge na ƙarshen mako ne da bukukuwa, har ya ajiye aiki ya zama na kullum. A zaune yake kaɗawa kamar yadda ubansa ya yi, ƙafafunsa biyu suna buga katako. Kullum ƙarfe huɗu na yamma zai zauna a kicin ya fara, ya rufe da wani kiɗa mai sanyi da ya tsara miki shekarar aurenku, wanda bai taɓa sa wa suna ba, "naki" kawai yake ce masa. Shekara arba'in da shida, ko kina bene kina waya, in yatsansa ya zame ko da silin gashi ne sai an ji muryarki: "Ka kauce, tsoho." Shi kuma ya ce, "Ana dai saurare ke nan."

A watan Janairun bara jini ya toshe miki a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Allah ya sa aka kai ki asibiti da wuri. Magana ba ta taɓu ba, hannun hagu ya ɗan yi nauyi, likitoci suka ce kin auna arziki. Mako uku da komowarki gida na zo gaishe ki, na tarar da ƙarfe huɗu ta yi. Léandre yana kaɗawa, ke kina murmushi kina gyaɗa kai. Ban fi minti biyu a zaune ba na gane akwai matsala. Idonki yana kan ƙafafunsa, ba a lumshe ba kamar da. Gyaɗa kanki yana bin ƙafar ne. Da ya gama ba ki tafa ba sai da ya sauke gogen daga kafaɗa. Duk duniya ba wanda zai gane wannan sai wadda ta yi shi shekara saba'in.

Da ya fita share ƙanƙarar bakin ƙofa na ja kujera kusa da ke.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Solange, kada ki raina mini hankali. Ni kike yi wa motsa baki?"

Kika kalli taga. Can kika ce, "Tun ranar da na farka. Kamar ana jan ƙarfe a kan siminti, Huguette. Har nawa ɗin, wanda ya tsara mini. Na san sunan abin, na san wurin da ya lalace, ni na koyar da shi. Ban san haka yake da ciwo ba." Sai kika riƙe hannuna kika ce, "Shekara talatin ina auna ki, ban taɓa ba ki haƙuri ba."

Na ce ki faɗa masa. Kika ce ba zai yiwu ba. Kika ce tun da kika kwanta ba abin da ya iya yi miki, ba ya iya girki, yana rikicewa in zai ba ki magani, gogen nan ne kaɗai yake kawo miki yana jin ya yi wani abu. In kika karɓe shi, me zai rage masa? Kika sa na rantse ba zan faɗa ba. Na rantse, kuma na yi abin da ya fi wannan muni: na koya miki dabaruna. Yadda za ki san ƙarshe ya kusa daga kafaɗarsa, yadda za ki lumshe ido in ya rage gudu. Na koma gida ina jin haushin kaina da naki. Mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, shi ya gyara mini matakalar gida bayan rasuwar Rosaire, ga shi ina taya matarsa yi masa wasan kwaikwayo a kicin ɗinsa.

Wajen wata biyu muna haka. Kina ramewa, ƙarfe uku da rabi na yi sai ki fara neman dalilin shiga ɗaki. Shi ma na ga kiɗan nasa yana gajarcewa, wata rana ma bai buɗe akwatin gogen ba. Ran nan na ce miki na gaji. Na ce ƙarya na koya miki, kuma ba ita nake yi ba in na je wurin kiɗa. Na ce ki daina ƙoƙarin ji, ya tafi, ki bar shi. Ki sa shi ya naɗe hannun rigarsa na hagu, ki zauna dab da shi, ki ɗora yatsunki a ƙasan gwiwar hannunsa ki jira. Kika ce, "Yanzu sakatariya ce za ta koya mini aikina?" Na ce e, kuma kyauta.

Kwana huɗu bayan nan kika kira ni, muryarki irin ta da, ta ranar da sakamako ya fito da kyau. "Sau biyu, Huguette. Wuri ɗaya kullum. A cikin nawa, bayan ya ja dogon sautin nan ya ɗan tsaya, sai tsikar duk hannun ta tashi." Har kin samo littafi kina rubuta rana da lokaci, halinki dai. Na tambaye ki ko ƙarar ta ragu. Kika ce ko kaɗan, tana nan kamar ranar farko. Sannan kika ce, "Shekara arba'in da shida ina sauraron kiɗan nan ina neman inda zai kauce. Ban taɓa sanin har yanzu tsikar jikinsa tana tashi in yana yi mini ba." Daga ranar ba ki ƙara gudun ƙarfe huɗu ba, har Litinin ɗin da ta zama ta ƙarshe.

Na yi murna saboda ke, amma nauyin bai sauka daga kaina ba. Duk lokacin da Léandre ya raka ni ƙofa ya ce, "Kin ga, kiɗan yana yi mata magani," sai in ji kamar in nutse. Da kika rasu na yanke shawara rantsuwata ta ƙare da ranki, zan faɗa masa, ko da zai daina gaishe ni.

Ranar Asabar aka yi miki addu'a. Mawaƙan coci sun yi ƙoƙari, na gani a wuyan matar da ke gabana. Bayan an tashi aka sauka ɗakin ƙasa cin abinci, miyar wake da ƙananan burodin nan masu ƙwai da ba a rasa su a wurin makoki. Na same shi a kusurwa shi kaɗai, kofi ya huce a hannunsa. Na ce, "Léandre, akwai maganar da na ɓoye maka, kuma ba ƙarama ba ce."

Ya ce, "Ta kunnen tsohuwa?"

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani.

"Madam Huguette, mijin wa kike zaton ni ne? Shekara nawa ina jin labarin kaset ɗinku masu jan ɗigo a kan tebur? Mako na biyu da dawowarta na ga shirun ya yi yawa. Sai na kautar da sauti ɗaya a cikin nata, da gangan, a wurin da ko tana barci za ta tashi ta zage ni. Ta yi mini murmushi. Washegari na ƙara, na kautar da shi sosai, har ni kaina sai da haƙorina ya yi tsami. Ta gyaɗa kai ta ce ya yi daɗi." Ya juya kofin a hannunsa. "Na fita gareji na yi kuka kamar yaro."

Na ce to me ya hana shi magana. Ya ce, "Matar da duk garin nan ya san ta da kunne? In ce mata na gane? Ita ta zaɓi ta rufa wa kanta asiri, ni wane ne in yaye? Na dai yi niyyar ajiye gogen a hankali, don na san azaba nake ba ta. Sai ran nan ta ce in naɗe hannun riga. Da na ji yatsunta a nan," ya taɓa wurin, "na ce wannan aikin Huguette ne. Tun daga ranar ban ƙara kaucewa ba, ko sau ɗaya. Ban taɓa yin kiɗa mai kyau kamar na shekarar nan ba, kuma ba ta ji ko ɗaya ba."

Na ce masa ta san wurin. Na gaya masa maganar littafin, da sau biyun, da dogon jan da yake ɗan tsayawa bayansa. Bai san da littafin ba. Ya ajiye kofin a kan taga, ya rufe fuskarsa da hannu biyu, muka tsaya a nan mu biyu har 'yarku Maryse ta zo ta kama shi.

Solange, kin ji yadda aka yi. Kin ɓoye masa don kada ki karya shi, ya ɓoye miki don kada ya kunyata ki, ni kuma ina tsakiya ina ta fama da zunubin da babu shi. Da kina nan da kin ce gwajin nasa ba shi da inganci, mutum ɗaya ne kuma sau biyu kawai. Ina kewarki ƙwarai. Ke ce mutum ta farko da ta ga lahanina ta ce in rataye rigata in zauna, kuma ban samu wata irinki ba tun daga nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Léandre, da Maryse da 'ya'yanta, da ɗalibanki da suka watsu a garuruwa, da dukan waɗanda aka taɓa ce wa su motsa baki kawai, suka zo wurinki suka sha shayi suka koma gida da kansu a ɗage. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya sa alherin da kika yi wa bayinsa ya tarbe ki. Ya haskaka makwancinki, ya mayar miki da abin da ya karɓa a shekararki ta ƙarshe, ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.

Ba za a sa ki a ƙasa ba sai watan Mayu, in ƙanƙara ta saki maƙabarta. Léandre ya ce zai zo da kujera da katakonsa ya yi miki naki a bakin kabari. Ya tambaye ni ko zan zauna a hagunsa, don ya saba da hannu a wurin, yana tsoron in babu zai kasa kaiwa ƙarshe. Na ce masa ya naɗe hannun rigar, zan zo.

Huguette Beausoleil
Montreal